Horon Ƙananan 'Yan Kasuwa da Bunƙasar Yankunan Masu Ƙaramin Ƙarfi: Nazari Daga Kasuwannin Zuba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin amfanin da horar da ƙananan 'yan kasuwa ke yi wa yankunan masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma ɗauki garin Zuba na Ƙaramar Hukumar Gwagwalada a Babban Birnin Tarayya a matsayin misali. An dogara da sakamakon gwaje-gwajen da masana suka yi a Nijeriya da Togo da Kenya da Jamhuriyar Dominikan, aka auna su da yadda ciniki ke gudana a kasuwannin garin. Matsayar maƙalar ita ce horo yana da amfani, amma amfanin nasa na da iyaka, kuma ya fi fitowa idan an kai shi cikin kasuwa, da harshen 'yan kasuwa, ta bakin wanda ya san sana'ar, sannan aka ci gaba da bibiya bayan an tashi daga aji.

Gabatarwa



Binciken da Hukumar Raya Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, wato SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 39.6 a Nijeriya, kuma galibinsu na mutum ɗaya ne, ko shi da yaronsa. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdigar ta bayyana cewa mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Idan aka jera waɗannan lambobi biyu za a ga cewa talakan Nijeriya ba ɗan albashi ba ne. Mai tebur ne, mai baro ne, bakanike ne, mai suyar ƙosai ce. Duk wani shirin yaƙi da talauci da bai ƙara wa irin waɗannan mutane riba ba, to ya wuce ta gefensu.

Gwamnatoci sun daɗe da sanin haka. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, a 1986. SMEDAN a 2003. Sai Hukumar Raya Sana'o'i ta Abuja, AEA, a 2006. Tarukan bita ba su ƙare ba, takardun shaida ma an raba su ba adadi. Tambayar da ta rage ita ce: wane irin horo ne ake ganin alamarsa a aljihun ɗan kasuwa bayan shekara guda?

Zuba da kasuwanninta

Zuba tana bakin iyakar Abuja da Jihar Neja. Da an wuce ta sai Madalla, sai Dutsen Zuma, sai Suleja. A nan ne hanyar Kaduna ta haɗu da hanyar Lokoja da babbar hanyar Kubwa mai shiga tsakiyar birni, saboda haka duk kayan da ya taso daga Arewa ko daga Kudu yana da dalilin tsayawa a garin. Tsohon gari ne na Koro mai sarautar Agora, amma tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991 ya zama matattarar baƙi. Rusau ɗin da aka yi a cikin birni tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, sun ƙara turo masu ƙaramin ƙarfi zuwa Zuba da Dei-Dei da Madalla, inda kuɗin haya ke da ɗan sauƙi.

Abubuwa uku suka riƙe tattalin arzikin garin: kasuwar 'ya'yan itatuwa, kasuwar kayan gyaran mota, da tashar mota. Kasuwar 'ya'yan itatuwan ita ce ke ciyar da yawancin teburan da ake gani a Wuse da Garki da Kubwa. Lemo da mangwaro daga Binuwai, ayaba da agade da abarba daga jihohin Kudu, kankana daga gonakin Arewa. Tun da asuba ake sauke kaya. Dillali na tsaye kan kayan ubangidansa, 'yan sari na tayi, 'yan dako na ɗora wa 'yan baro, masu tebur na neman motar da za ta kai su cikin gari kafin rana ta take. Mota ɗaya ta kankana tana ba mutane da yawa abin cefane kafin la'asar.

Sai dai wannan kaya ne da ba ya jira. Mai sayar da tayar mota zai iya ajiye ta wata shida bai yi asara ba. Mai ayaba kuwa kwana biyu ko uku gare shi. Wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba daidai ba ne a tara 'yan kasuwar garin a ɗaki ɗaya a karanta musu darasi iri ɗaya.

Inda jari ke zurarewa

Bari mu ƙaddara wani misali, lambobinsa na kwatance ne. Mai tebur ya sari kankana 50 a kan naira 1,000 kowace, naira 50,000 ke nan. Ya biya ɗan baro 1,000, kuɗin mota 2,500, tikitin wurin zama 500. Kaya ya tsaya masa a kan 54,000. Yana sayar da kowace a kan 1,400, don haka a ransa ribar 400 yake ci a kowace ɗaya, yana hasashen 20,000 idan kaya ya ƙare. Amma 5 sun fashe a mota ko sun lalace a rana. A rana ta uku ya karyar da 10 a kan 800 don kada su ruɓe a hannunsa. Sauran 35 ne kawai suka tafi a kan farashin da ya sa. Abin da ya shigo 57,000 ne, ribar gaskiya 3,000. A cikin kwanakin nan uku kuma ya zari 2,000 kullum don cefanen gida, daga aljihun da yake zuba kuɗin ciniki. Ranar da ya koma Zuba da 51,000, idan ya ware kuɗin dako da mota da tikiti, kankana 47 zai iya ɗauka.

Wannan mutum ba rago ba ne, kuma ya fi yawancinmu saurin lissafi da ka. Idan ka tambaye shi zai ce kasuwa ce ta mutu. Abin da bai taɓa zama ya fitar ba shi ne nawa kankana ɗaya ta tsaya masa bayan an haɗa dako da ruɓewa, da kuma nawa ya kamata ya yanka wa kansa a matsayin ladan aiki. Da ya san wannan, da ko dai ya rage sari zuwa abin da zai ƙare a kwana biyu, ko ya haɗa kuɗin mota da maƙwabcinsa, ko ya yanka waɗanda suka fara laushi ya sayar a leda tun rana ta biyu. Ga shi nan, aikin horo ke nan, kuma ba ya buƙatar allo mai hasken lantarki.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Shekaru da dama masana tattalin arziki sun yi ta jayayya kan ko horon 'yan kasuwa na da wani amfani. A 2021 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, ya samu cewa a tsaka-tsaki horo na ƙara riba da kusan kashi 10 cikin ɗari, ciniki kuma da kusan kashi 5. Wannan ba abin raini ba ne ga mai ƙaramin jari, amma ba shi ne zai mayar da mai tebur attajiri ba, kuma ya kamata masu shirya bita su daina yi wa mutane wannan alkawari.

Abin da ya fi jan hankali shi ne bambancin da ke tsakanin horo da horo. A Jamhuriyar Dominikan, Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar sun gwada darasi iri biyu ga masu karɓar ƙananan rance. Wasu an koya musu lissafin akawu yadda yake a littafi. Wasu kuma an ba su 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, babbar cikinsu ita ce a raba kuɗin gida da kuɗin sana'a a ma'ajiya biyu, mutum ya yanka wa kansa albashi, idan ya ranci kuɗin sana'a ya mayar. Sakamakon da suka wallafa a 2014 ya nuna cewa ƙa'idojin nan masu sauƙi sun fi sauya halin 'yan kasuwa, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Wannan kai tsaye yake magana da mai kankanarmu.

A Lome ta ƙasar Togo an yi gwaji da ƙananan 'yan kasuwa 1,500, aka wallafa shi a mujallar Science a 2017. An raba su kashi uku. Kashi ɗaya ba a horar da su ba. Kashi na biyu an ba su darasin kasuwanci na gargajiya: ajiye lissafi, talla, kula da ma'aikata. Kashi na uku an ba su wani horo da masanin halayyar ɗan'adam Michael Frese da abokan aikinsa suka tsara, wanda ke koya wa mutum ya riƙa fara abu da kansa ba sai an tunzura shi ba, ya hango matsala tun kafin ta iso, ya nemo abin da zai bambanta shi da na kusa da shi. Kowanne cikin ɓangarori biyun da aka horar ya yi awa 36 a aji, sannan mai horarwa ya riƙa zuwa wurin sana'ar kowa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Cikin shekara biyu ribar 'yan kashi na uku ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta 'yan darasin gargajiya kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce ba a iya tabbatar da shi ta ƙididdiga. Ina so a lura da ziyarar nan ta wata huɗu, domin ita ce abin da aka fi yankewa idan kasafin kuɗi ya takura.

A nan gida ma an yi irin wannan gwaji. Stephen Anderson da David McKenzie sun bi ƙananan kamfanoni 753 a Abuja da Legas, a ƙarƙashin wani shiri na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya, suka wallafa sakamakon a 2022. Wasu masu kamfani an tura su aji. Wasu an turo musu mai ba da shawara. Wasu kuma an taimaka musu su ɗauki akawu ko mai talla aiki, ko su ba da aikin kwangila ga ƙwararre na waje. Waɗanda suka samu ƙwararre ya yi musu aikin sun fi waɗanda aka zaunar a aji gyara tsarin kasuwancinsu. Ma'anar wannan ita ce ba dole ne mai shago ya zama akawu ba. Wani lokaci abin da yake buƙata shi ne ya san darajar akawu ya kuma iya biyansa. Waɗannan kamfanoni sun fi teburin kankana girma, amma za a iya rage darasin ya yi daidai da Zuba: layi ɗaya na rumfuna zai iya haɗa kuɗi ya ɗauki matashi ɗaya mai rubuta musu shiga da fita.

Ubangida da yaronsa

Kafin a kafa ITF ko SMEDAN, kasuwa tana da makarantarta. A wajen Hausawa yaro na zama da ubangida shekaru, ya koyi sari da tayi da sanin kaya da sanin mutane, in lokaci ya yi a sallame shi da jari. Da irin wannan tsari na amana aka yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, wanda Alhassan Ɗantata ya yi arziki a cikinsa. A kasuwar kayan gyaran mota ta Zuba kuwa, inda 'yan ƙabilar Ibo ke da yawa, tsarinsu na yaron shago yana nan da ransa: a yi yarjejeniya da iyaye, yaro ya yi hidima shekaru, ubangida ya buɗe masa nasa shagon.

Bincike ya ba wannan tsari gaskiya. A unguwar Dandora ta Nairobi, Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson sun haɗa mata sababbin shiga kasuwa da wasu matan unguwar da suka riga su gogewa a irin sana'ar. Wasu kuma aka kai su aji. Ribar waɗanda aka haɗa da gogaggu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, 'yan aji kuwa ba a ga canji a ribarsu ba. Babban sirrin shi ne gogaggun sun nuna musu inda ake sari da araha. Wannan ilimi ne da babu shi a kowane littafi, kuma yana tsufa da wuri, shi ya sa ƙarin ribar ya dusashe bayan da alaƙar ta yanke.

Amma kada mu ɗauki tsarin ubangida a matsayin wanda ba shi da aibi. Ubangida abin da ya sani yake koyarwa, har da kurakuransa. Idan shi ma a ka yake riƙe bashi, haka yaronsa zai tashi. Idan yana nunar da ayaba da kabaid, sinadarin nan na masu walda da Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya, yaron zai ɗauka haka sana'ar take. Ga kuma yaran da ake yi wa sharri a kore su ana dab da sallama. Sannan tsarin bai cika buɗe wa mata ƙofa ba. Shawarata ita ce a horar da iyayen gida su kansu, domin ubangida ɗaya da ya koyi rubuta bashi da tantance kaya kafin lodi ya koyar da duk yaran da za su bi ta hannunsa.

Ribar mutum ɗaya ko ta gari?

Akwai wata tambaya mai nauyi da masu shirya horo ba su cika son ji ba. Idan an horar da mai lemo ɗaya ya ƙwace kwastomomin maƙwabcinsa, shi ya ci riba, amma Zuba ba ta ƙaru da komai ba. An dai sauya wa kuɗi aljihu. David McKenzie da Susana Puerto sun auna wannan a kasuwannin karkara 157 a Kenya, inda aka ba mata horon kwana biyar na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Bayan shekara uku ribar waɗanda aka horar ta fi ta sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma ba a ga alamar cewa maƙwabtansu sun yi asara ba. Kasuwannin ne suka faɗaɗa, domin matan sun kawo sababbin kaya sun kuma kyautata mu'amala da masu saye.

A Zuba hanyar faɗaɗa kasuwa a fili take. Duk lemon da aka hana shi ruɓewa dukiya ce sabuwa da ba a ƙwace daga hannun kowa ba. Rumfa mai inuwa, ware mai tabo daga mai lafiya tun wurin saukewa, akwatin roba maimakon tula kaya a kan juna, busar da mangwaro da abarba, matse lemo a sayar wa gidajen abinci: kowanne daga cikin waɗannan yana ƙara abin da ake rabawa, yana kuma buɗe wa wani matashi aiki. Horon da ya kamata a ba fifiko a yankin masu ƙaramin ƙarfi shi ne irin wannan, sama da dabarun jan kwastoma.

Mata masu sana'a a cikin gida su ne aka fi mantawa. Masu awara da zoɓo da kunun aya da ƙuli-ƙuli da ɗinki ba za su bar yara da tukunya su shiga cikin birni bitar ƙarfe tara zuwa huɗu ba. Amma suna zuwa Islamiyya, suna da uwar adashi, da yawansu suna sauraron saƙon murya a WhatsApp. Ta nan za a same su.

Abin da horo ba zai iya ba

Shirin YouWiN na 2011 ya koya mana wani abu. Kusan mutum 24,000 suka nema, aka zaɓi 1,200 aka ba kowannensu tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 a tsaka-tsaki, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna waɗanda suka samu kuɗin sun fi takwarorinsu ɗorewa da ɗaukar ma'aikata. Jari ne ya yi wannan aiki. Sai dai ta intanet ake nema, da rubutaccen tsarin kasuwanci, don haka mai baro a Zuba bai ma san an yi ba. A ɗaya gefen kuma an yi shirin rancen TraderMoni a 2018 mai farawa da naira 10,000, wanda ya isa hannun talaka amma bai zo da wani koyarwa mai ɗorewa ba. Shirin rancen AGSMEIS ya gindaya sharaɗin halartar horo kafin a ba da kuɗi. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina duk lokacin da takardar shaida ta zama mabuɗin rance, mutane takardar suke zuwa nema. Ga kuma masu gudun bashi da ruwa saboda addini, waɗanda ya kamata horo ya nuna musu hanyar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019.

Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa komai iliminsa. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya sa masu kayan gwari da 'ya'yan itatuwa sun yi ta karyar da kaya don babu tsabar kuɗi a hannun masu saye. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin ɗauko kaya daga gona. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba na 2024, wato wanda ya ƙara ribarsa da kashi 10 ma baya ya ci. Darasi ba ya gyara hanya, ba ya kawo wutar da za ta riƙe ɗakin sanyi. Abin da zai iya shi ne ya koya wa mutum karɓar kuɗi ta waya, da gane saƙon shigar kuɗi na bogi, da sa farashi bisa kuɗin da zai sake sari gobe maimakon wanda ya sara jiya.

Kira

Zuba tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Kwalejin Ilimi ta Babban Birnin Tarayya tana cikin garin, Jami'ar Abuja na nan kusa, kasuwannin kuma suna da ƙungiyoyi da shugabannin da ake jin maganarsu. Ina kira ga AEA da SMEDAN da Ƙaramar Hukumar Gwagwalada da su zauna da waɗannan shugabanni, su mayar da kuɗin hayar ɗakin taro zuwa ladan masu bibiya. A yi darasin a cikin kasuwa bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa, da Hausa da turancin buroka da duk harshen da 'yan layin suka fi ji. A ɗauki gogaggun 'yan kasuwa su zama malamai, a haɗa kowannensu da ɗalibin kwaleji mai riƙe masa littafi.

Mu kuma 'yan'uwana masu bincike, mu daina karɓar yawan mahalarta da hotunan rabon takarda a matsayin shaidar nasara. Duk hukumar da ta ce ta horar da 'yan kasuwar Zuba, mu nemi ta koma bayan wata goma sha biyu ta faɗa mana nawa jarinsu ya kai, kaya nawa suka daina zubarwa, da yara nawa suka ɗauka aiki.